Dutsen wata ne, amma a rairayinmu ya sauka

A watan Yuni na je wani ƙaramin gari na yankin Alzas, gabashin Faransa, mai suna Ensisheim, inda ake baje kolin duwatsun da suka faɗo daga sama kowace shekara. Tebura jere, kowane da farin ƙyalle da ƴar fitila da madubin ƙara girma. Tsofaffin Turawa suna sunkuyawa suna leƙen tsakuwa cikin ƴan akwatunan roba, ba mai ɗaga murya, ba mai taya kaya. A wani tebur na ga yanki siriri mai ruwan toka, da fararen ɓarɓashi a ciki, kamar an farfasa farin tangaran an kwaɓa da toka. Takardar jikinsa ta ce dutsen wata ne, sai haruffa NWA da lamba. Na tambayi mai kayan daga ina aka samo shi. Ya kaɗa hannu ya ce, "Can cikin Sahara." Na ce wace ƙasa? Ya ce ai duk ɗaya ne.

Wannan "duk ɗaya" ita ta tsaya mini a wuya. Haruffan suna nufin Arewa maso Yammacin Afirka, kuma ana laƙa su ne ga dutsen da ba a san takamaiman inda aka tsince shi ba, yawanci wanda ya bi hannun dillalai har kasuwannin Maroko. Mali, Aljeriya, Muritaniya, Nijar, duk an haɗa mu a buhu guda.

Abin haushin, mutumin nan ya san cikin dutsen ciki da bai. Fararen ɓarɓashin anortit ne, ma'adini mai yawan kalsiyam da alminiyam, shi ne ya sa tuddan wata suke fari idan ka ɗaga kai da dare. Baƙaƙen tabon da muke gani a fuskar wata kuwa bazalt ne, narkakken dutse da ya daskare, mai yawan ƙarfe, da ma'adinai irin su piroksen da olibin da ilmenit mai ɗauke da titaniyam. Wata ba shi da iska mai kare shi, duwatsu suna ta dukansa tun fil azal, shi ya sa yawancin abin da dukan ke ɓallewa daga can ya iso nan duniya farfasasshe ne da zafi ya sake liƙewa. Ba laka a ciki, kuma da wuya ka ga ƙanƙarar dutsen da ta cika rairayinmu. Da an auna ƙarfe da manganis, ƙarfen yana ninka manganis wajen sau 70, to an kama hanya. Ana gane haka ne don akwai abin gwadawa: kilo 382 da Amurkawa suka kwaso daga wata tsakanin 1969 da 1972. Da shi aka tabbatar da dutsen wata na farko da aka gane a nan duniya, wanda aka tsinta a ƙanƙarar Antatika a 1982. Har yau ba wanda ya ga faɗowar dutsen wata da idonsa, duk tsintuwa ce, kuma mafi yawa a hamada. To wa ke yawo a hamadar da rana tsaka? Ba mai farin ƙyalle ba dai.

A ba Turawan Ensisheim haƙƙinsu, sun iya ajiya. Dutse ya faɗo a garin nan a 1492, mai nauyin kilo 127. An gutsuttsura shi, amma babban ɓangaren yana nan a gidan tarihin garin, har da ƙungiyar masu kula da shi. Mu fa? A 1991 dutse mai kilo 110 ya faɗo a Tazarzait, cikin jihar Tawa. Ni ɗan Tawa ne, a Tawa na yi lakkol, amma sai a Faransa na ji labarinsa. Za a ce sakacinmu ne. Akwai wannan. Amma wanda ke lissafin hatsin da zai kai shi damina ba ya gina akwatin gilashi don tsakuwa, kuma mai saye ya san haka sarai lokacin da yake yanka farashi.

Kun ji abin da ya faru da dutsen duniyar Mars da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, kusan kilo 25. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin Niyok kan dala miliyan 5.3, shi ma da lambar NWA a goshi, alhali an san inda ya fito. Hukumomin Yamai suka buɗe bincike, suka dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Na goyi baya, ko da yake hani kaɗai zai iya sa kayan su bi ta bayan gida. Abin da nake so shi ne a rubuta wurin tsintuwa, a bar yanki a gida, yaran Tawa da Abalak su taɓa wata da hannunsu. Mun daɗe muna ba da abin da ke ƙasarmu, tun uraniyam na Arlit a 1971, fitila tana ci a nan Faransa inda nake zaune, Adar tana kwana da zafi in wuta ta ɗauke.

Ƴata, da aka haifa a nan, in an tambaye ta a makaranta daga ina take, cewa take yi Afirka. Na gyara mata har na gaji. Shi ya sa na kira yayana da ke zirga-zirgar wuraren zinariya a arewa, na ce, "Yaya, in kun tsinci baƙon dutse, don Allah ku ɗauki hoton wurin da salula kafin ku ɗaga shi." Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ka zo da kanka ka ɗauka, Inna ma tana tambayar yaushe za ka kawo mata jikarta." Na ce sai hutun baɗi in Allah ya yarda. Ya ce haka na faɗa bara.