Wa zai wanke farantan solar jami'o'inmu?

A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda ya kamata su fi kowa samun wuta a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Daga baya an ɗan sassauta, amma farashin ya tsaya sama da naira 200. Manyan jami'o'in tarayya da asibitocin koyarwa da dama suna cikin wannan rukuni, saboda haka kafin a ce kwabo kuɗin da ake turo musu ya ninka kusan sau uku. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fito ta ce abin da ake nema a hannunta ya kai kimanin naira miliyan 300 a wata, wato biliyan 3.6 a shekara. A birnin Benin na jihar Edo ɗalibai suka tare babbar hanya saboda an yanke wa jami'arsu wuta. Asibitin koyarwa na Ibadan ya haura kwana 100 ba a haɗe da layin kamfanin rarraba wuta ba.

Shi ya sa nake mamakin masu ganin cewa maganar kare muhalli a harabar jami'a hira ce ta ƙoshi, wadda ta dace da makarantun Turai da Amurka kawai. A wurinmu maganar kuɗi ce tsagwaronta. Jami'ar da ke samun wutarta daga rana ta rage hayaƙin janareta, haka ne, amma kafin wannan ta rage kuɗin man dizal da na kamfanin wuta, kuɗin da a ƙarshe kan iyayen ɗalibai yake komawa ta hanyar ƙarin kuɗin rajista. Wanda ya ga yadda jami'o'in tarayya suka riƙa ɗaga kuɗin makaranta a 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuma ba za a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, tana da shirin bai wa jami'o'in tarayya da asibitocin koyarwa wutar kansu. An fara ƙaddamar da tashar sola mai megawat 2.8 a jami'ar tarayya ta Ndufu-Alike da ke jihar Ebonyi a watan Agustan 2019. Wata ɗaya bayan nan Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo Kano ya buɗe ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, wadda aka ce a lokacin babu kamarta a Afirka cikin tashoshin sola da ba su dogara da babban layin ƙasa ba. Wannan adadi ya haɗa farantan sola na megawat 3.5 da batura da janaretocin ko-ta-kwana. An kuma sa fitilun titi na sama da kilomita 11. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci suna cikin kashin farko na shirin. Kashi na biyu, da kuɗin Bankin Duniya, ya haɗa da Maiduguri da Gashuwa da Abuja da makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Na uku, da kuɗin Bankin Raya Afirka, ya taɓo Yola da Dutsin-Ma da Lafiya da Lakwaja.

Aiki ne mai kyau, kuma ina cikin masu yaba shi. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Faranti na iya kai shekara 25 yana ba da wuta. Batir ba ya kai haka, na'urar da ke juya wutar rana ta koma irin wadda muke amfani da ita ma ba ta kai haka. Dole wata rana a sauya su, kuma da dala ake sayen su. Dalar da take wajen naira 360 a lokacin da aka buɗe tashar Kano ta haura naira 1,500 a 2024. Duk jami'ar da ba ta fara ware kuɗin sauya batura tun ranar da aka miƙa mata tasha ba, ta san a ranta cewa ta ɗora wa shugaban da zai gaje ta bashi ne. Sannan ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo ke rufe arewa, ƙura ta kwanta a kan gilashi, wutar da faranti ke bayarwa ta yi ƙasa. Maganinta ba wani abin sirri ba ne: a wanke. To amma wankin dubban faranti yana buƙatar ruwa a daidai lokacin da rijiyoyin burtsatse ke ja baya, yana buƙatar ma'aikata masu albashi, yana buƙatar wani mutum guda da za a kira a tambaye shi idan ba a yi ba. Zafin Afrilu kuma yana cin batura, sai an sanyaya ɗakin da suke. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke kawo 'yan jarida ko manyan baƙi. Su ne kuwa ke raba tashar da ke aiki da filin ƙarafa da ciyawa ta cinye.

Mun san halinmu da kayan gwamnati. Ɗan kwangila ya gama, an yanke kirtani, an ɗauki hoto, wa'adin kulawarsa ya ƙare, sai a miƙa wa sashen ayyuka na jami'a, sashen da ko famfon ɗakin kwanan ɗalibai da ya ɓalle sai takarda ta zaga ofis-ofis kafin a sayo masa kai. Ba laifin injiniyoyin sashen ba ne. An ba su kaya na biliyoyin naira ba tare da kasafin riƙe shi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan yana faruwa ne a wurin da ilimin gyaran yake. Idan tashar sola ta mutu a wani ƙauye, za a ce babu masani a kusa. Jami'a fa? Tana da sashen injiniyan lantarki, tana da farfesoshi, tana da ɗaruruwan ɗalibai da kowace shekara suke yawon neman inda za su yi aikin sanin makama, wasu su ƙare a ofishin da ba abin da suke yi sai sa hannu a rajista. Ga tasha a bayan ajinsu. Me zai hana a mayar da ita ɗakin gwaji, ɗalibai su riƙa auna abin da take bayarwa kullum, su kwatanta farantin da aka wanke da wanda ba a wanke ba, su rubuta kundin kammala karatu a kai, a biya wasunsu ɗan alawus su yi wankin da duba wayoyi? Shirin na REA ya zo da cibiyoyin horo, har an koyar da ɗalibai mata aikin a lokacin gini. Wannan somin-taɓi ne da ya kamata jami'o'in su ɗauka su faɗaɗa da kansu. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi a jami'a tun farkon shekarun 1980. A Yamai kuwa sunan Abdu Mumuni jami'ar take ɗauke da shi, masanin kimiyyar da aka haifa a Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1991. Aikin rana ba baƙon ilimi ba ne a wannan yanki, balle a ce sai an jira wani ya zo daga waje.

Labarin itatuwa ma haka yake, watakila ma ya fi muni. Kowace shekara, ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, ko da faɗuwar damina, sai ka ga shugabanni sun sunkuya da shebur, an dasa ɗaruruwa ko dubbai. Dasawa a Yuli ba ta da wuya, sama ce ke ban ruwa. Jarrabawar tana zuwa ne daga Oktoba zuwa Mayu, watannin da babu ɗigon ruwa, ga awakin unguwannin makwabta suna shigowa ta inda katanga ta rushe. Ba a cika jin wata jami'a ta fito a watan Mayu ta ce cikin dubun da muka dasa bara ga adadin da ya rayu ba. Wannan adadin kuwa shi ne gaskiyar aikin.

Akwai darasi a ƙetaren iyaka. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su rage rassan, su bar masu ƙarfi su tashi. Da wannan dabara, wadda ba ta buƙatar gandun reno ko tankar ruwa, aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Saiwar tana nan a ƙasa tun da, ta saba da fari. Jami'o'inmu na arewa suna da filaye masu faɗin gaske da ba a gina komai a kai ba, sabon mazaunin Bayero a hanyar Gwarzo misali ne, kuma jami'ar tana da cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A keɓe yanki, a hana sara da kiwo, a bar gawo da aduwa da magarya da marke su dawo. Ba na ƙin dogon yaro, inuwarsa ta rufa wa ɗalibai da yawa asiri a zafin bazara, amma harabar da babu tsamiya ko kuka ko ɗorawa ta yi asarar abin koyarwa. Turare kuwa, da ake son sa saboda saurin girma, shan ruwa gare shi, ba ko'ina ya dace ba.

Shara ba sai na daɗe a kanta ba. Ledar fiya wata ce ke toshe magudanan harabar, abin da aka tara kuma a cinna masa wuta a bayan ɗakunan kwana, ɗalibai su shaƙa. Masu jari-bola suna sayen roba da gwangwani da kwali a kan kilo. A raba mazubi, a yi yarjejeniya da su, kuɗin ya shiga asusun tsaftar ɗakunan.

Na san abin da shugabannin jami'a za su ce: ana fama da albashi da yajin aiki da rufin da ke yoyo, ina kuɗin batir? Uzuri ne mai nauyi, ban raina shi ba. Amma lissafin ya juya. Lokacin da yunit ɗin wuta yake naira sittin da wani abu, jami'a na iya yin sakaci da tasharta ta koma layin kamfani ba ta ji a jikinta sosai ba. Yanzu duk yunit ɗin da faranti ya kasa bayarwa saboda ƙura, sai an saye shi sama da naira 200, ko a ƙona dizal da ya fi haka tsada. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka samu matsala, jihohi da yawa suka kwana fiye da mako guda a duhu. Ɗakin gwajin da ke da samfurin jini ko iri a firji ba ya jiran a gyara turakun Shiroro.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kowace jami'ar da aka ba tasha ta riƙa wallafa a shafinta, wata-wata, yawan wutar da tashar ta samar, da litar dizal da aka ƙona, da abin da aka biya kamfanin wuta. Majalisar gudanarwa ta buɗe asusu na daban, a riƙa zuba wani kaso na kuɗin da solar ta ceto, kada a taɓa shi sai don batura da kayan gyara. Masu shaguna da bankuna da gidajen ma'aikata da ke cikin harabar a sa musu mita su biya, ko da a farashi mai sauƙi. Ƙungiyar malamai da ta ɗalibai kuma su sa wannan cikin abubuwan da suke tambaya a kai, kamar yadda suke tambayar alawus da kuɗin rajista. Tashoshin Yola da Dutsin-Ma da Lafiya su ne na baya-bayan nan a jerin, baturansu ba su tsufa ba tukuna, don haka majalisun waɗannan jami'o'i suna da sararin buɗe asusun tun daga kasafin kuɗinsu na gaba.