Agogon da ya ce sugan Yaya lafiya lau

An sallamo Yaya daga asibiti jiya da yamma, alhamdulillahi. Na gode wa waɗanda suka kira da waɗanda suka yi addu'a. Sugan jininta ne ya hau har ya kwantar da ita, bayan ta dogara da wani agogon hannu da aka ce yana auna suga. Amma har yanzu raina a ɓace yake, kuma abin da ya ƙara tunzura ni shi ne masu biyo ni ta saƙo suna cewa in yi haƙuri, wai tsautsayi ne, wai kada in ɗora wa agogo laifi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yarda. Amma wanda ya ƙera agogo ya rubuta a jikin kwalinsa cewa yana auna suga, alhali ya san ƙarya yake yi, wannan ba tsautsayi ba ne. Zalunci ne, kuma da ran mutane ake yin sa.

Agogo ba ya auna suga. Ku riƙe wannan. Ko nawa ka saye shi, ko wane ne ya kawo maka shi tsaraba, ko me aka rubuta a kwalin, agogon hannu ba ya auna suga.

Shekara shida Yaya tana fama da ciwon suga, kuma mace ce mai kiyayewa. Kullum da safe sai ta huda yatsa ta gwada kafin ta sa komai a baki. Yatsunta duk sun yi kanta saboda huji. Da aka ba ta wannan agogo aka ce ta huta da allura, wa zai ga laifinta don ta yi murna? Wata biyu tana duba hannu, agogo yana nuna mata biyar da ɗigo kaza, yau biyar da ɗigo shida, gobe biyar da ɗigo takwas, irin lambar lafiyayyu. Sai ta ajiye na'urar gwajinta a durowa. Daga baya ta fara tsallake magani, tunda a ganinta sauƙi ya samu. Ƙishirwa ta dame ta, fitsari ya yawaita, jiki ya mutu, duk ta ce gajiya ce, ai agogo ya ce lafiya lau. Ranar da aka kwashe ta, abin da na'urar asibiti ta nuna ya ninka na agogon fiye da sau uku.

A daren farko, tana barci da ƙarin ruwa a hannu, na ciro agogon daga jakarta. Na ɗaura shi a ƙarfen gadon, na danna wajen gwajin suga. 'Yar fitilar bayansa ta yi ta ƙiftawa, wani zobe ya yi ta juyawa a fuskarsa na kusan rabin minti, sai ga lamba: biyar da ɗigo bakwai. Ƙarfen gado. Na sake dannawa, ya ba ni hawan jinin ƙarfen, ya ba ni bugun zuciyarsa. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba ruwan ta leƙo ta gani, ta girgiza kai ba ta ce komai ba. Ni kuwa hannuna rawa yake yi. Da safe na nuna wa Yaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe wata biyu da ƙarfe nake shawara." Hawaye suka zubo mata. Ban taɓa jin na tsani wani abu da ba shi da rai kamar yadda na tsani agogon nan a lokacin ba.

Wani ya rubuto mini cewa ai fasaha ta ci gaba, wai ni ne ban waye ba. Malam, je ka bincika. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ƙarara ta gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da duk wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce babu ko ɗaya da ta amince da shi. Apple da Samsung, da duk dukiyarsu da injiniyoyinsu, ba su sa wannan a agogunansu ba. Sai wani agogo da ko sunan kamfani babu a jikinsa ne zai iya? Waɗanda kuke gani suna duba suga a agogo na gaskiya, ku dubi damtsensu ko cikinsu. Akwai wata 'yar na'ura manne da fata, irin su Dexcom da FreeStyle Libre, mai siririn tsinke da ke shiga ƙarƙashin fata. Ita ke yin awon, ta aika wa waya. Agogo allo ne kawai da ke nuna sakamako.

Wani kuma ya ce nasa ya taɓa dacewa da na asibiti. To mana. Idan kai lafiyayye ne, agogo kuma an tsara shi ya riƙa jefo lambar lafiyayyu, dole ku dace. Ranar da ba ka da lafiya ita ce ranar da kake buƙatar gaskiya, kuma ita ce ranar da zai yaudare ka. Ba zan tsaya ja-in-ja a kan wannan ba.

Kada a ɗauka ni maƙiyin agogon zamani ne. Yanzu haka da nake rubutun nan akwai ɗaya a hannuna, shekara uku ke nan, kuma ya amfane ni. Amma na san iyakarsa. Juya naka ka dubi bayansa. Koren hasken nan da kake gani, shi ne kusan duk sirrin. Jini yana shanye koren haske, don haka duk bugun da zuciya ta yi, jinin da ke wuyan hannu ya ƙaru, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Da wannan hawa da sauka agogo yake ƙirga bugu. Sai kuma wata na'urar jin motsi a ciki da ke lura da lilon hannu, ta kira shi taku. Masu GPS suna ƙara maka nisan tafiya da hanyar da ka bi. Sauran lambobin, yawancinsu kintace ne da manhaja ke haɗawa daga waɗannan. Shi ya sa idan maɗaurin ya yi sako-sako awon ke rikicewa. Shi ya sa zanen tattu a wuyan hannu ke iya hana shi aiki, Apple da kansu sun faɗi haka. Shi ya sa idan kana tura keken yaro, hannu ba ya lilo, sai ya cinye maka taku, idan kuma kana zaune kana wanki sai ya ba ka takun da ba ka yi ba.

A shekarar 2017 masana a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a jikin mutum 60. A bugun zuciya, shida daga ciki sun yi ƙoƙari, kuskurensu bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Amma a lissafin kalori da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowa daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuwa da kashi 93. Waɗannan fa sanannun kamfanoni ne. To kai da ke cewa agogo ya ce ka ƙona kalori ɗari biyar don haka ka ci abin da ka ga dama, ka sake tunani.

Hawan jini ma haka. Samsung suna da awon hawan jini a agogunansu, amma sai ka fara daidaita shi da na'urar gaske mai matse damtse, kuma ka maimaita duk bayan mako huɗu. Huawei sai da suka saka 'yar jakar iska a cikin maɗaurin Watch D don ta matse hannu kamar na asibiti. Ka ga waɗanda suka ɗauki abin da gaske irin wahalar da suke sha. Wanda ya ce maka daga danna maɓalli ya ba ka hawan jini da suga da mai a jini a cikin daƙiƙa talatin, ka san da wa kake magana.

Na san za a kawo mini zancen Apple Watch da ya ceci rayuka. Gaskiya ne, tun daga Series 4 a 2018 yana iya ɗaukar hoton bugun zuciya ya gano wani nau'in rikicewar bugu, kuma binciken da suka yi da Stanford ya ƙunshi mutum sama da 400,000. Amma karanta abin da agogon ke rubuta maka kafin ka fara: ba ya gano bugun zuciya mai kisa farat ɗaya, wato toshewar jijiyar zuciya, kuma ya ce idan kana jin ciwon ƙirji ka nemi agaji. Na gaskiyar ma cewa yake ka tafi wajen likita. Na ƙaryar ne ke cewa ka zauna a gida.

Abin da nawa ya yi mini, kuma nake gode masa, shi ne ya tona mini asiri. Ina zaton ina motsi, ashe a ranar aiki da ƙyar nake haɗa taku dubu uku. Ganin lambar nan kullum da daddare shi ya tashe ni. Ban bi dubu goman da ake ta yayatawa ba, don wannan adadi daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965, sunanta Manpo-kei, ma'ana mai ƙirga taku dubu goma. Wani bincike na Harvard a 2019 a kan tsofaffin mata ya nuna masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin ya daina ƙaruwa a wajen 7,500. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa da minti take magana, 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Ni na sa wa kaina minti talatin na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, agogo yana ƙirga mini. Numfashina ya gyaru, barcina ya gyaru. Ƙafafuna ne suka yi aikin, shi rajista kawai ya riƙe.

Masu tambaya ta wanne za su saya, amsata gajeriya ce. Fara da wayarka. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone. Galaxy Watch kuwa, tun daga na huɗu a 2021, ba ya haɗuwa da iPhone. Na ga mutane sun saya sun dawo suna cizon yatsa a kan wannan kaɗai. Sannan batir: Apple da kansu awa 18 suka daɗe suna faɗa wa agogonsu na yau da kullum, alhali na Garmin da Huawei da Amazfit da yawa suna kwana da kwanaki, wasu har mako biyu. Idan kana son ya bibiyi barcinka, agogon da ke kwana a caji ba zai yi maka ba. Idan za ka shiga ruwa da shi, dubi alamar juriyar ruwa da aka rubuta masa: nemi mai 5 ATM, kada ka dogara da IP68. Kuma duk wanda ka ga an rubuta yana auna suga, ajiye shi, ko kyauta ne. Wanda ya yi maka ƙarya a babba, me zai hana shi a ƙarami?

Agogo ba ya auna suga. Idan mahaifiyarka ko mahaifinka ko matarka na da irin wannan a hannu, yau ka je ka duba, kada ka bari sai gobe. Ka tambaye su yaushe rabonsu da huda yatsa. Mu ne muke saya musu waɗannan abubuwa don ƙauna, mu ɗaura musu, mu tafi, ba mu zauna mun gaya musu abin da za su yarda da shi da wanda ba za su yarda ba. Su kuwa duk abin da ya fito a allo da lamba gaskiya ne a wurinsu. Na ga agogon nan a hannun Yaya fiye da sau goma, ban taɓa tambayar ta me take dubawa ba. Wannan yana ci mini rai.

Akwai kuma abin da na lura da shi a zaman jinyar nan, tunda magana ta kawo mu. Mutum ya zo dubiya, ya zauna a gefen gado, marar lafiya na ba shi labarin yadda ta kwana, shi kuwa hannunsa na ta zuzz, zuzz, idonsa na sauka a wuyan hannu duk bayan minti ɗaya. Da waya ce ma a aljihu, da ya ji kunyar ciro ta. Amma agogo ya sauƙaƙa, sai a saci kallo a ɗauka ba a gani ba. Ana gani. Yaya ta katse maganarta sau biyu ta ce wa wani ɗan'uwanmu, "Ko kana sauri ne, ka je kawai." Ya rantse ba ya sauri, saƙon wani zaure ne na WhatsApp. Amfanin sa a sadarwa ban musa ba, na sha amsa kira da shi hannuna a jiƙe, na sha nemo wayata da shi a ƙarƙashin kujera. Amma a daren nan na shiga saitin nawa na kashe komai. Facebook, imel, zaurukan WhatsApp goma sha wani abu, duk na rufe musu baki. Na bar kira, da saƙon mutum huɗu. Yaya ce ta farko a cikinsu, kuma mun yi da ita duk safiya za ta turo mini hoton lambar da na'urar gwajinta ta nuna. Na yau ya shigo ƙarfe bakwai saura, ana ganin ɗan yatsanta a gefen hoton da auduga a kai.