Baƙin mai mai kauri ba ya gyara injin Corolla

Da zarar injin 1ZZ-FE, mai lita 1.8 da ke cikin Corolla da Matrix da Pontiac Vibe, ya fara shan baƙin mai, sai ka ji an ce a zuba masa mai kauri, wato mai lamba 20W-50, wai kaurin zai toshe gurbin da man ke zurarewa. Ba haka abin yake ba.

A injinan farko, na kusan 1998 zuwa 2002, ƙananan ramukan jikin fistin da mai ke komawa ta cikinsu ne ke toshewa da datti. Ringin fistin ya maƙale, man ya haura ya ƙone, salansa ta yi ta fitar da shuɗin hayaƙi. Mai mai kauri ɓoye ciwon kawai yake yi, kuma da sanyin safiya yakan jinkirta kaiwa ga VVT-i, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, a injinan da ke da ita. Mai lamba 5W-30, wanda bai kai 20W-50 kauri ba, shi Toyota ta tsara wa injin. Gyaran gaskiya sai makaniki ya buɗe injin, ya share ramukan, ya sauya ringi.