Ranar da faskare ya tona mini asiri a Indiyana

Bakina ne ya jawo mini. Tun da na zo karatu Amurka nake cika wa abokin zamana baki cewa ni ɗan manoma ne gaba da baya, alhali rabona da fartanya tun ina aji huɗu a firamare, shi ma sharar filin makaranta ce. Wata Asabar ya ce in shirya, zai kai ni wata gonar tarihi a kudancin jihar Indiyana, inda ake nuna yadda Turawan da suka fara sare dajin suka rayu.

Mun tarar da ɗaki ɗaya tal na gungumen itace, an liƙe ramukansa da laka, da murhu a bango. Wani dattijo mai farin gemu, sanye da rigar saƙi da wando mai igiya a kafaɗa, shi ke taka rawar faston Baptis na wancan zamani. Ya ce irin waɗannan fastoci ba su da albashi. Kwana shida suna gona, ran Lahadi su wanke hannu su hau wa'azi, baftisma kuma a rafi ake yi. Na tuna limamin ƙauyen kakana, wanda daga gonar dawa yake zuwa ya ja Azahar. Dattijon ya ƙara da cewa a wannan yanki iyalin Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, suka sauka a 1816 daga jihar Kentaki, yaron yana ɗan shekara bakwai, kuma mahaifinsa Thomas, manomi kuma kafinta, ɗan cocin Baptis ne.

Sai ya tambaya ko akwai manomi a cikinmu. Kafin in haɗiye yawu abokina ya ɗaga hannuna sama.

Aikin wai mai sauƙi ne: tsaga gungume gida-gida don yin shinge. Aka ba ni wata ƙatuwar guduma ta itace da ƙarfe mai kaifin baki da ake kafawa a jikin gungumen. Na tofa yawu a tafi kamar yadda na ga masu faskare suna yi a unguwarmu, na ce bismillah, na ɗaga. Nauyinta ya ja ni baya sai da na yi taku uku. Bugun farko ƙasa na sama. Na biyu ya goge gefen ƙarfen, ya yi tsalle ya faɗa cikin kaji, suka watse da kuka. Da na sunkuya ɗauko shi, sai na ji "ɓaaarr" daga baya. Wandon da na saya da kuɗin abincin mako guda ne.

Dattijon, wanda a ido ya girmi babana, ya karɓi gudumar. Bugu huɗu, gungumen ya buɗe baki. Ya ce in kwantar da hankali, fasto ma da haka ya fara. Wata yarinya 'yar firamare ta tafa mini, don tausayi.

Na ɗaura rigar sanyina a ƙugu, na koma gefe, na ciro robar madarar da na saya a hanya don in huce. Ina tsakiyar kurɓa dattijon ya kai labarin mahaifiyar Lincoln, Nancy, wadda ta rasu a 1818. Shanu ke cin wani ganye mai farin fure a daji, gubar ta bi ta cikin nono ta kashe mai sha, mutanen kuwa ba su san dalili ba. Ya nuna bakin dajin ya ce har yau ganyen na fitowa a yankin. Na dubi robata. Na san daga kanti take, amma maƙogwarona ya ƙi yarda.

Ashe abokina bidiyo yake ɗauka tun daga tofin yawu. Ni kuma da hannuna na tura wa ƙanena, na ce amana. Kafin mu isa gida ya shiga zauren gidanmu na WhatsApp. Baba bai rubuta komai ba. Murya ya turo, ta daƙiƙa biyar: "Ka gaida mini da faston nan. Ka tambaye shi ko yana neman aiki da damina."