Adashin Gidan Giya a Dublin

Giya ba ta taɓa bi ta maƙogwarona ba, kuma fatana in koma ga Mahaliccina a haka, amma duk da wannan akwai wani gidan giya a tsakiyar birnin Dublin da ya ci kuɗina a dare ɗaya fiye da yadda yake cin na waɗanda suka riƙa a harkar. Ina aiki ne a wani gidan kula da tsofaffi da ke arewacin birnin, sai wata abokiyar aikinmu ta sami aiki a Ostareliya, aka ce za a yi mata zaman bankwana ranar Juma'a da yamma. A ƙasar Ailan kuwa, ko biki aka yi, ko haihuwa, ko jana'iza, ƙarshen taron gidan giya ne, saboda haka da na tambaya ko ba za a nemi gidan abinci ba, babu wanda ya ɗauki tambayar da muhimmancin da zai sa ya amsa ta. Na ƙudura cewa zan je in zauna na ɗan lokaci, in sha lemo, in yi mata fatan alheri, in kama hanyar gida.

Mu bakwai muka zauna a wani gidan da ke kusa da wurin aikinmu. Wani dattijo daga cikinmu, ɗan asalin yankin Cork, ya miƙe ya tambayi kowa abin da zai sha, ya tafi kanta ya dawo da manyan tambulan na baƙar giyar nan ta Guinness, kowane yana cin mililita 568, ni kuma aka ajiye mini wata 'yar kwalbar lemo mai mililita 200 tare da kofin da aka cika da ƙanƙara don kada ƙanƙantarta ta fito fili. Na sa hannu a aljihu, dattijon ya ture hannun da ƙarfi har da ɓata rai. Ya tambaye ni ko ni ɗan ƙungiyar Pioneer ne, wato ƙungiyar mabiya ɗarikar Katolika da aka kafa a Dublin a 1898 domin masu alƙawarin ƙaurace wa barasa, ya ce mahaifiyarsa ta rasu da bajen ƙungiyar a jikin rigarta. Na ce masa alƙawarin da nake kai ya girmi wannan nesa ba kusa ba, ya yi dariya, ya ce ba komai, kowa da nasa.

Kafin in ƙarasa tsotsar ƙanƙarar, wata ta miƙe ta yi irin abin da dattijon ya yi, ita ma ta ƙi karɓar kuɗina. Bayan ita wani ya tashi, bayansa wata. Kunya ta kama ni, domin ba a raine ni da cin kuɗin mutane haka kawai ba, sai na fara cewa a kawo mini ruwan famfo, wanda kyauta ake bayar da shi. Ina zaune ina shan ruwa tambulan bayan tambulan, ina kai da komo tsakanin teburin da banɗaki, ina kuma tsara a zuciyata saƙon da zan aika wa yayana a Gusau in gaya masa cewa duk wanda ya ce Turawa ba su san karamci ba bai zo Ailan ba.

Can dare ya fara yi, mai tafiya ta ce ba za ta bar ƙasar ba sai ta yi sallama da unguwar Temple Bar, inda ake kiɗan gargajiya da goge da sarewa. Muna tsallaka kogin Liffey sai wata ma'aikaciyar jinya 'yar jihar Kerala ta Indiya, wadda ta riga ni zuwa ƙasar da shekaru, ta rage sauri ta jera da ni, ta tambaye ni a hankali ko na shirya, domin ni ne na gaba. Da ta ga ban gane ba, ta warware mini zancen dalla-dalla. Ashe abin da na ɗauka karamci adashi ne: kowa da ke teburin zai saya wa kowa sau ɗaya, bi da bi, har zagaye ya cika, kuma da ka karɓi kofin farko ka shiga, babu takarda, babu uwar adashi, amma kowa yana riƙe da lissafi a kansa. Mutum biyar sun riga sun zuba nasu, saura ni da wani matashi da bai daɗe da kama aiki ba. Ta ƙara da cewa a ƙasar nan za a iya yafe wa mutum abubuwa da yawa, amma wanda ya sha na mutane ya sulale kafin nasa ya zo, da wannan za a riƙa tuna shi har bayan ransa. Abin da ya fi yi mini ciwo a lokacin shi ne kwasata uku a wannan adashin duk ruwan famfo na ɗauka.

Ya kamata mai karatu ya san inda ƙaddara ta ajiye nawa zubin. A 2025 matsakaicin farashin tambulan ɗaya na baƙar giya a faɗin Ailan wajen Yuro 6 ne, a unguwannin Dublin ya ɗan ɗara haka, amma a Temple Bar yana taɓa Yuro 10, kuma akwai gidajen da ke ƙara farashi idan dare ya tsala. Masu gidajen suna kafa hujja da tsadar haya, da inshora, da albashin ma'aikata da masu gadin ƙofa da makaɗa, da harajin saye na kashi 23 cikin ɗari. Hujjar da ba su cika faɗa ba ita ce baƙi 'yan yawon buɗe ido, waɗanda suke biya suna murmushi suna ɗaukar hoton kumfa. Doka ta wajabta a liƙa jerin farashi a bakin ƙofa, kuma na gan shi da idona, sai dai rubutun ƙanana ne, hasken wurin ja ne, ga wasu Amurkawa a bayana suna ture ni ciki.

Matsalata ba ta kuɗi kaɗai ba ce, domin guminna ba zai sayi barasa ba ko da ba ni zan sha ba. Ina tsaye cikin cunkoso sai idona ya faɗa kan wani famfo mai shuɗin tambari a kan kanta, na Guinness 0.0, wadda babu barasa a cikinta, wadda kuma ta shiga gidajen giyar ƙasar tun 2021. Baƙa ce kamar ta ainihi, da farin kumfa a samanta, kuma mutanen da suka riga suka sha tambulan biyar ba su ne za su tsaya bincike ba. Na san kuma Ailan tana cikin ƙasashen Tarayyar Turai da suka fi tsawwala haraji a kan barasa, saboda haka na lissafa cewa abin da babu barasa a cikinsa babu harajinta a kansa, ga kiyaye addini ga sauƙin aljihu. Ina cikin jinjina wa kaina sai saurayin mai tafiya ya iso tare da ƙaninsa, aka jawo musu kujeru, muka koma mu tara, aka kuma ɗago mini hannu daga nesa cewa in haɗo da soyayyen dankalin leda mai ɗanɗanon cuku da albasa.

Ba a zuba wannan abin sha a karo ɗaya. Ana cika wajen kashi uku cikin huɗu na tambulan, a ajiye shi kumfa ya kwanta, sannan a ƙarasa, kuma kamfanin da kansa ya ce aikin yana cin daƙiƙa 119.5, lokacin da ya ishi mutum ya ci gaba da kyautata zato. Da mai zubawa ya gama ya miƙo mini na'urar biyan kuɗi, na ga an rubuta Yuro 94. Na ɗora katina a kai, na'urar ta ƙi, domin abin da ya wuce Yuro 50 sai an tura katin ciki an danna lambar sirri. Na tambaye shi cikin ladabi ko ya haɗa da kuɗin teburin da ke kusa da namu ne. Ya karanta mini: tambulan takwas a kan Yuro 9.50 kowane, kwalaben lemona guda biyu a kan Yuro 4 kowace, dankali leda huɗu Yuro 10. Na tuna masa cewa babu barasa a ciki, ya ce harajin da nake magana a kai bai wuce senti 55 a tambulan ba, kuma ita wannan sai an dafa ta cikakkiyar giya tukuna, sannan a tace barasar a fitar, wanda ƙarin aiki ne. Wato na biya kuɗin sa ta, na kuma biya kuɗin cire ta. Daga baya da na auna da lita, na gano cewa lemon da na sha, wanda shi ma yana ɗauke da harajin sukari tun 2018, ya fi giyar tsada, ni ne ke nan na sha abu mafi tsada a teburin. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar a shekarar Yuro 13.50 ne a awa, nawa kuwa bai yi masa nisa ba, saboda haka abin da na ɗauko a faranti ladan ɗaga tsofaffi da kwantar da su ne na kusan awa bakwai.

Shida daga cikinsu suka sha suka yaba, ɗaya ma ta ce ba ta taɓa shan mai laushi irin wannan ba. Dattijon ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye, ya daɗe yana kallon tambulan, sannan ya kalle ni. Ya ce ya san a Ikeja aka gina masana'antar Guinness ta farko a wajen Ailan da Birtaniya tun farkon shekarun 1960, bai taɓa zaton ɗan wannan ƙasa ne zai yi masa haka ba. Na ce masa Ikeja tana Legas, mu a namu ɓangaren Malta muka sani. Zance ya fara zagaya teburin, ana ɗaga tambulan ana dubawa a haske, ina neman inda zan sa kaina, sai matashin nan da zubi ya rage a kansa ya kalli wayarsa, ya ce motar bas ta ƙarshe za ta wuce shi, ya suri rigarsa ya fice. Teburin ya yi tsit. Nan take aka manta da laifina, dattijon ya dafa kafaɗata ya shaida wa jama'a cewa ko me na kawo, ni dai na tsaya na yi nawa, kuma daga yau duk fitar da za a yi da ni za a yi ta. Na yi godiya da muryar wanda aka yanke wa hukunci.

Ni ma tawa motar ta wuce, sai tasi na shiga. Na tarar da uwargida a zaune a falo da waya a hannu, domin asusunmu ɗaya ne, kuma duk abin da aka cire sai saƙo ya shigo mata da sunan wurin. Ta riga ta juya kuɗin zuwa naira, sun haura dubu 150, ta kuma juya su zuwa buhun shinkafa.

“Maigida, sannu da dawowa. Gidan giya ne wannan sunan, ko idona ne?”

Na zauna na yi mata bayani tun daga kwalbar farko har zuwa dankali, na rantse mata cewa ko ɗigo na barasa kuɗinmu bai saya ba, na kuma bayyana mata yadda ake dafawa a tace. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, ta sake duba wayar, sannan ta ce tunda dai mun biya kuɗin barasar da aka cire, gobe in koma in tambaye su inda suka ajiye ta, ko za su yarda su saye ta daga hannunmu.