Yankan madigad a Denver da maganar da ƙanena ya yi

Ranar Asabar ƙarar injin yankan ƙarfe ce ta tashe ni. Da na leƙa sai ga maƙwabcina Bature, a nan birnin Denver na Amurka, durƙushe a bakin garejinsa, gaban Toyota Tacoma da ko shekara biyu ba ta yi ba. Ya ɗaga ta da jak, ya cire tayar gaba, ya liƙa shuɗin salatif a bakin madigad, ya ja layi a kai. Ga tabarau a idonsa, ga abin toshe kunne, ga waya a kafe tana ɗaukar sa hoto.

Na sauka muka gaisa. Ya ce tayoyi ya sayo masu tsayin inci 35, alhali na kamfani ba su wuce 31 ba sosai. In ya murɗe sitiyari ƙarshe, ko motar ta faɗa rami ta dusa, sai tayar ta goge jiki. Shi ne yake rage robar ciki, ya yanke bakin ƙarfen kaɗan kaɗan, ya sa guduma ya kwantar da haɗin ƙarfen da ke bayan taya. Daga nan ya goge kaifin, ya fesa fenti, domin a nan ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ƙarfen da aka bari tsirara tsatsa ce za ta cinye shi. Duk wannan don ya tuƙa kusan awa shida zuwa Moab a jihar Utah, ya hau jajayen duwatsu, ya sauko. Babu gona a bayan dutsen, babu kasuwa.

Aikin ya burge ni, har na ɗauki bidiyo na tura zauren WhatsApp na gidanmu. Ƙanena ya rubuto: "Yaya, Bature ya iya aiki. Mu nan sai kame-kame."

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har yau. Wannan yaron a gaban Kawu ya tashi. Shekara nawa Kawu ya yi yana gyaran bodi a Ƙofar Ruwa a Kano? A-kori-kura nawa aka kawo masa, masu ɗauko masara daga Doguwa da Tudun Wada zuwa Dawanau, mai ita ya sayi tayar hannu wadda ya samu, ta fi ramin girma? Kawu ba ya neman salatif. Alli ne a kunnensa. Sai ya ce yaran shago su hau baya su yi tsalle, shi kuwa ya tsuguna ya kasa kunne inda tayar ke taɓawa, ya shata, ya yanke da cizal, ya naɗe bakin zuwa ciki da guduma don kada ya tsaga taya. Motar ta koma cikin taɓon damina da buhu a kanta, ta ciyar da gida uku.

Gaskiya ɗaya ce, akwai abin koyi a wurin maƙwabcin nan. Yana kare idonsa, yana shafa fenti, ya kuma san babbar taya na sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da kake yi, mai kuma ya ƙara zuƙewa. Amma shi da wuta awa ashirin da huɗu yake aiki, in ya ɓata madigad ya yi odar wani ya iso ƙofar gida. Kawu in ya ɓata, abincin wani ya ɓata, shi ya sa bai taɓa yanka sau biyu ba. Wanne ne gwani a cikinsu?

Abin da ke ci min rai, a nan mai digiri yana alfahari da baƙin mai a farcensa, mu kuwa an tura mu boko ne don kada mu zama irin Kawu. Da kuɗin gudumar nan aka biya min jarrabawa. Mu bakwai muka tashi a gidan, babu wanda ya tsaya ya koya, ni ma ina ciki. Yanzu idon Kawu ya yi rauni saboda walda, ya bar zuwa shago.

Na kira ƙanena da daddare na ce ya je ya nuna wa Kawu bidiyon. Ya ce Kawu ya kai wayar dab da fuska, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko Baturen ya loda wa motar kaya kafin ya shata.