Wai a kashe maganar a gida

Wallahi wasunku ba ku da ta ido. Tun jiya lambar MoMo ta tura kuɗi ta waya ke yawo a guruf-guruf, wai a taimaka a fito da "yaronmu". Yaronku da ya sha ya yi tatul a wajen biki, ya ɗauki motar yayansa, ya haye kan mai koko a bakin titin Aboabo a Kumasi da sassafe. Baiwar Allah tana kwance a asibitin Komfo Anokye an sa mata ƙarfe a ƙafa, har yanzu tukunyarta na gefen kwata a lotse, amma ban ga wanda ya turo lambarta ba. Sannunku da zumunci.

Kuma kuɗin ma ba na lauya ba ne, na "ganin manya" ne, a je a kashe magana a gida. To ku ji da kyau: shari'ar nan ba taku ba ce. Ranar da za a kira ta a kotu, Jamhuriyar Ghana ce ke ƙararsa, ba mai koko ba, ba mijinta ba. Ko ta ce ta yafe duniya da lahira, laifin tuƙi cikin maye yana nan. Dokar hanya ta 2004, mai lamba 683, ita ta sa iyakar giya a jinin direba, kuma in 'yan sandan hanya na MTTD suka miƙo maka na'urar gwajin giya ka ƙi busawa, shi ma laifi ne mai zaman kansa. Alƙali na iya cin tara, yana iya ɗauri, yana iya haɗa duka biyun, ya kuma hana ka riƙe sitiyari. Wane dattijo ne zai soke wannan da goro da babbar riga?

Wani ya shigo mini inbos yana cewa, "Hajiya, ƙaddara ce." Ƙaddarar ce ta buɗe masa kwalbar? Wata kuma ta ce a rufa asirin Musulmi. Asirin da ya tonu a tsakiyar titi, 'yan keken pragya na ɗaukar bidiyo? Ku raba ni.

Ba ina cewa a yar da yaron ba ne. Na san uwarsa, tun ranar ba ta runtsa ba, kuma raina ya ɓaci dominta. Abin da zai amfane shi shi ne lauya na gaskiya. Tsarin mulkin 1992 ya ba shi damar ganin lauyan da ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi. Lauya ne zai nemi beli, ya duba ko an yi gwajin bisa ƙa'ida, ya faɗa masa gaskiya in amsa laifi ya fi masa sauƙi, ya roƙi sassauci tunda wannan ne na farko. Aikinsa ke nan, ba wanke mashayi ba, ba kai ambulan ta ƙofar baya ba. In babu kuɗi, akwai Hukumar Legal Aid mai taimaka wa marasa hali da lauya. Ita ma mai kokon tana buƙatar wanda zai bi mata haƙƙinta wajen kamfanin inshora, in dai sitikar motar ba ta mutu ba. Wannan ambulan ɗin naku kuwa sunansa cin hanci, mai bayarwa ma yana iya kwana a sel. Na sake faɗa, shari'ar ba taku ba ce.

Af, tunda ana maganar biki: wa ya ce dole sai an yi wasa da babura wajen kai amarya? Duk Lahadi sai a tare hanyar Asawase, yara uku a kan babur ɗaya ba hular kwano, ana ɗaga taya sama, iyaye mata na guɗa. Ni dai ranar bikin 'yata, duk wanda ya zo da wannan haukan ko wake da shinkafa ba zai gani ba.